Gilashin Motar Baffa Ƙarami

Durƙushe Haulatu take a tsakar gida, rana na dukan ƙeyarta, tana tsince ɓaraguzan gilashi da hannu tana zubawa a tsohon kwano. Yatsunta duk sun tsattsage, kuncinta ya kumbura saboda mari, amma ba wannan ne ya sa ta kuka ba. Ga motar Baffa Ƙarami nan a gabanta ƙarƙashin rumfa, baƙa wuluk tana sheƙi, sai dai ƙaramin gilashinta na gefen baya, mai kusurwa ukun nan da ba ya hawa ba ya sauka, ya zama rami. Wayyo Haulatu! Motar da aka yi mata alkawarin za ta kai ta wurin mahaifiyarta, yau ita aka ce ta fasa.

Tana ƙarama mahaifinta ya rasu. Da mahaifiyarta Maimuna ta gama takaba, dangin uba suka ce yarinya tasu ce, sai wan mahaifinta, Alhaji Ɗantsoho da take kira Baffa, ya taho da ita Daura, Inna Maimuna kuwa ta koma garinsu Babban Mutum tana waige tana share hawaye. Ba wata nisa ce ta a zo a gani ba tsakanin garuruwan nan, amma ga Haulatu kamar bangon duniya ne, domin matar Baffa, Hajiya Ikilima, ba ta taɓa rasa dalilin hana ta zuwa ba. In rani ne, wa zai yi daka? In damina ce, hanya ba kyau. In Sallah ce, baƙi sun yi yawa. Haka shekaru suka yi ta shuɗewa, yarinya ta girma da kewar uwa a ƙirji, har ta kai in ta rufe ido tana neman fuskar Inna sai ta ga tana ɓace mata. Ana cikin haka sai ga labari ya zo cewa hawan jinin ido ya kama Inna, ganinta yana raguwa kullum.

Baffa Ƙarami, wato Abdulmuhaimin, autan su Baffa da ke aiki a Abuja, shi ne ya tarar da Haulatu tana kuka a bayan ɗaki ranar da ya zo da sabuwar motarsa. Mota ce ta masu hannu da shuni, ba ta shan mai, ba ta da ƙara, caji ake yi mata kamar waya, ba ta da ko ramin makulli, da wayarsa yake buɗe ta. Ya ce, “Share hawayenki, 'yata. Tafiya ce ta kama ni zuwa ƙasar waje, amma ranar da na dawo ke za ki fara shiga motar nan, mu je ki ga Innarki.” Ya jona ta da solar gidan, ya kashe kyamarorinta don kada su riƙa ɗaukar matan gida, ya kulle ya tafi. Tun daga ranar Haulatu ke goge motar nan safe da yamma ba tare da kowa ya sa ta ba.

Da hantsin ranar da abin ya faru, Hajiya Ikilima na tsaye a ƙofar sito, ta cire kwaɗon ƙofar tana riƙe da shi, makullanta na lilo a jikinsa. Haulatu ta durƙusa ta ce, “Umma, don Allah ko za a ɗan sam mini gyaɗa in yi wa Inna dakuwa, in ajiye kafin Baffa Ƙarami ya dawo?”

“Iye! Lallai yarinyar nan wuyanki ya isa yanka! Mu da gidanmu ba mu shiga motar ba, sai ke da uwarki makauniya?”

“Umma, ba ta makance ba tukuna…”

Ai kafin ta rufe baki Hajiya ta wurgo mata kwaɗon nan da dukkan ƙarfinta. Haulatu ta sunkuya. Tas! Gilashi ya tarwatse, kwaɗo ya shige ciki, mota ta ɗau kuka tana walƙiya da fitilu, can ta yi shiru. Hajiya ta ruga ta nemi hannun ƙofa ta wannan gefe, ta zaga ta nema ta wancan, ina! Ta zaci irin motocin da ta sani ne. Ta zura hannu ta ramin tana lalube, gilashi ya yanke ta, ba ta taɓo komai ba. Sai ta juyo ta ɗauke Haulatu da mari, ta sa ta tsince gilashin da hannu.

Ko da Baffa ya dawo daga kasuwa, kuka ya tarar, amma ba na marainiya ba. Hajiya ce ke rusa shi tana cewa, “Alhaji, da taɓarya ta doke shi, don kawai na hana ta gyaɗa! Ka ga hannuna, wajen ƙwace taɓaryar na ji ciwo.”

Haulatu ta rarrafo ta kama ƙafarsa. “Baffa, wallahi ba ni ba ce… kwaɗon sito Umma ta jefe ni da shi, yana cikin motar.”

Hajiya ta ce, “La'ilaha illallahu! Ka ji sharri! Kwaɗon da ya suɓuce mini ya faɗa rijiya tun da sassafe? Na rantse da Allah da idona na ga faɗawarsa!”

Baffa ya haska fitilar wayarsa ta ramin, ya duba kujera, ya duba ƙasa, bai ga komai ba sai ɓaraguzai. Mutum ne mai zafin zuciya, ga kunyar ƙanensa da ta lulluɓe shi. Ya ce, “Ɓarna daban, ƙazafi ga matar da ta raine ki daban? Wallahi tallahi ƙafarki ba za ta taka Babban Mutum ba sai ranar da aka mayar da gilashin nan, mai mota ya yafe miki da bakinsa!” Hajiya kuwa, da yake ta san kan tsiya, kafin magariba ta zaga maƙwabta ta shafa wa yarinya baƙin jini, aka yi ta cewa dama tsintacciyar mage ba ta mage.

Aka kira Chibuzor, mai shagon kayan mota da aka haifa a Daura, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya duba ya girgiza kai. “Alhaji, wannan ba irin wanda ake yankawa a bakin titi ba ne. Babu shi a Kano, babu shi a Kaduna. Sai an yi odarsa daga waje, ya sauka Legas, sannan ya iso mu.” Ya manna leda da salatif a ramin ya tafi.

Daga nan jiran ya fara, jira mai cin rai. Damina ta sauka. Duk sanda hadari ya haɗo, Haulatu ce ke fita ta sabunta ledar, ruwa na dukanta tana danna salatif tana cewa, “Ya Allah, Kai ka san gaskiya… Ya Allah, ka riƙe wa Inna idonta har in je.” In an aike ta cefane sai ta ratse ta shagon Chibuzor ta tsaya daga nesa, ba ta ko iya tambaya, shi ma da ya hango ta sai ya ce, “Ƙanwata, bai zo ba tukuna, ki ƙara haƙuri.” Rannan ya yi mata albishir cewa kaya ya iso. Ta koma gida da gudu tana murna, ashe da aka buɗe kwali na ɓangaren dama aka aiko, alhali na hagu ne ya fashe. Aka mayar da shi. Ranar ko ruwa bai wuce maƙogwaronta ba.

Sai ga Malam Kalilu, maƙwabcin Inna da ke kawo hatsi kasuwar Daura, ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce, “Haulatu, Innarki ta ce in gaishe ki. Idon dama ya riga ya tafi. Na hagun ma sai abu ya zo daf da ita, cikin rana. Kullum tana zaune a ƙofar gida, ta ce ba ta son ta ɓata sauran ganinta a cikin ɗaki, gara ki zo ki same ta a haske.” Haulatu ta zube a zaure. Da Baffa ya shigo ta roƙe shi, ko a bayan babur ne, ta je ta dawo a yinin. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, har ya buɗe baki, sai Hajiya ta leƙo ta ce, “Alhaji, rantsuwa fa ka yi.” Ya sunkuyar da kai ya wuce. Kaico! Babu abin da ya kai wannan ciwo, uwarka na nan da rai, kana jin ƙamshin garinta in iska ta kaɗo, amma an ɗaure ka da laifin da ba ka yi ba.

Gero ya fara fitar da kai sannan gilashi na gaskiya ya iso, Abdulmuhaimin ma ya dawo. Tun a waya aka cika masa kunne, saboda haka da Haulatu ta durƙusa gaishe shi sai ya amsa a daƙile ya kau da kai. Wannan ya fi mata marin Umma zafi. Ta koma gindin turmi ta rakuɓe tana kallo. Ya taɓa wayarsa, hannayen ƙofa suka fito, motar da ta daɗe a kulle ta buɗe. Chibuzor ya ɗaye ledar, ya zura siririyar wayar ƙarfe ya yanke tsohon gam ɗin da ke riƙe da ragowar gilashin, ya kankare bakin tas. Hajiya ta matso tana murmushin yaƙe. “To ai sai ka manna sabon ka huta, ko? Sharar cikin mu ma yi da kanmu.”

“A'a Hajiya, haka nake aikina. In ban kwashe ɓaraguzan da suka shige lungu ba, mota za ta yi ta ƙara a hanya, a ce Chibuzor bai iya ba.”

Ya ɓalle murfin ciki na gefen kujera, ya zura hannu can ƙasa. Sai ya tsaya. Ya jawo wani abu mai nauyi ya ɗaga sama. “Oga, wannan na waye?”

Kwaɗon sito ne! Ga makullai na lilo a jikin jan zaren da kowa a gidan ya sani, har da ɗan makullin akwatin Hajiya. Baffa ya karɓa, ya juya shi, ya dubi matarsa. “Ikilima, rijiyar gidan nan a cikin mota take?”

“Alhaji… ni… sharrin shaiɗan ne…”

“Kika rantse da Allah! Kika sa na rantse a kan 'yar ƙanena! Me zan gaya wa ubanta ranar gobe?” Dattijo ya fashe da kuka kamar yaro, ya nufi gindin turmi. “Haulatu, ki yafe mini. Na ci amanar marainiya.”

“Baffa, don Allah ka daina… na yafe. Ni dai a kai ni wurin Inna.”

A ranar Hajiya Ikilima ta haɗa kayanta zuwa gidan iyayenta a Zango, Baffa ya ce sai an neme ta. Matan da ta bi gida gida tana ɓata yarinya a wurinsu, su ne suka tsaya a ƙofofinsu suna kallon fitarta, mayafi rufe da fuska. Kujerar Umara da Abdulmuhaimin ya taɓa yi wa Hajiya alkawari kuwa, ya ce ta tashi, asibitin idon Inna ya fi cancanta. Ramin mugunta dama gajere ake gina shi.

Chibuzor ya shafa sabon gam, ya ɗora gilashi ya danna a hankali, ya kama shi da salatif. Ya ce a bar shi ya sha iska, kada a buga ƙofa da ƙarfi. Haulatu ta dube shi da idanun da suka gaji da jira. Ya yi murmushi. “Zuwa azahar ya kama, ƙanwata. A dai tafi a hankali.”

Abdulmuhaimin da kansa ya buɗe mata ƙofa. “Babu abin da zan yafe miki, 'yata, ni ne mai neman gafara. Shiga.” Ta zauna daf da sabon gilashin, gonakin gero na wucewa ta cikinsa, ita kuwa bakinta bai daina motsi ba. Allah ka sa da saura… Allah ka sa da saura…

Inna Maimuna na zaune kan tabarma a ƙofar gida, ta rame, ta fuskanci hanya. Da yake motar ba ta da ƙara, ba ta san an iso ba sai da ta ji an faɗo jikinta. “Inna! Inna, ni ce!”

“Haulatu? Tsaya, tsaya… juyo ta wajen rana.” Ta kama fuskar da hannu biyu, ta jawo ta har numfashinsu na haɗuwa, ta karkata kai ta ɓangaren hagu. Hawaye suka cika idon, ta yi maza ta goge da gefen zane. “Kai, ku bar ni, kada ku cinye mini ɗan abin da ya rage!” Ta daɗe tana kallo, tun daga goshi har haɓa, kamar mai haddace karatu.

“Inna… kina ganina?”

“Ina ganinki, 'yar nan. Ga hancin ubanki, ga ɗan tabon ciwon da kika ji a bakin murhu. Ashe haka kika girma!” Ta rungume ta tana dariya tana kuka. “Alhamdu lillahi. Yanzu in duhun ya ga dama ya zo, zai tarar ina da abin kallo.”