Lambar Akwatin Giya

Bayan magariba ina gareji ni kaɗai, ina goge lambar akwatin giyar da zan ɗaura wa wata babbar mota, sai wani ya yi sallama. Warin ƙonannen kuloci ya riga shi shigowa.

"Maigida, sake dubawa," in ji shi. "Lambar nan ba ta injin nan ba ce."

Na haska tocila, gaskiyarsa ce. Ya taka baƙin mai, amma bai bar sawu ba.

"Bara ma ka ɗaura wa motata irinsa, ka ga lambar ba ta dace ba, ka ce zai yi. Na yarda da kai, sai a gangara giya ta ƙwace."

Nan na gane muryar. Da kafaɗata na ɗauki makararsa.