Baƙin Mai a Ramin Gafiya

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran yammacin ƙarshen damina ba. Rana ta yi ja bayan gonakin dawa, kaji suna shiga akurki, Safiyatu tana tsugune a madafa tana tuƙa tuwo, sai aka jiyo gurnanin motar maigidanta Zailani tun daga bakin rafi. A wannan ƙauye na gefen Janfalan babu wanda bai san kukanta ba. Tsohuwar jif ce mai jan ƙafa huɗu, ita ke kutsawa lungunan fadamar da akori-kura ba ta isa ta leƙa ba, ta kwaso rake da barkono da mazarƙwaila zuwa kasuwar Makarfi.

Motar nan ciwonta biyu. Na farko, injin ya tsufa yana furzar da tururin baƙin mai, har warin yakan cika gidan direba ya hau wa mutum kai. Lado bakanike ya yi mata dabara, ya samo gwangwanin madara ya cusa soson ƙarfe a ciki, ya jona masa tiyo, tururin ya riƙa taruwa yana komawa wani baƙin ruwa mai yauƙi wanda ake zubarwa in ya cika. Na biyu zafi ne. Da ta shiga yashi ko taɓo sai allurar zafi ta kama hawa, Zailani kuwa mutum ne mai gaggawa, ba ya ɗaga ƙafa sai ya ji ruwan lagireto yana tafasa.

Ran nan ta kafe a taɓo, ya yi ta murza ta har man ya tsinke. Yana isowa gida ya ce sai ya yi juyen baƙin mai, don Lado ya sha gaya masa cewa mai da zafinsa ake juye shi, in ya huce dattin kwanciya yake yi. Ya shiga ƙarƙashi ya tara roba, man ya zubo yana hayaƙi. Da ya nemi jarkar da yake tara tsohon mai, ashe wani ya ara zai shafe azara saboda gara. Ladan ya ɗaga murya da kiran magariba. Robar tana ƙona masa yatsu, ya waiga ya ga ramin gafiya a kusurwar katanga, ya tuttule man duka a ciki, ya kwance gwangwanin nan ya ƙara da abin da ke cikinsa.

To, ko yaron goye a ƙasar nan ya san ba a watsa abu mai zafi a ƙasa da almuru ba tare da bisimilla ba. Zailani ya sani sarai, gaggawa ce ta rufe masa baki. Ya dai ji wani siririn kuka daga cikin ramin, kamar na ɗan akuya sabon haihuwa. Ya ce gafiya ce, Allah ya ƙara, ya wanke hannu ya tafi masallaci.

Yana dawowa dutsen farko ya faɗo a kan bonet. Na biyu ya fasa tulu a gindin rumbu. Safiyatu ta sunkuya za ta ɗauki na ukun, ta yar da shi tana yarfe hannu, don da zafinsa ya sauka kamar an ciro shi daga murhu. Zailani ya zagaya bayan gida da sanda, bai tarar da kowa ba, sai dawa tana tsaye ko iska babu.

A lokacin ne suka lura Rumaisa ba ta fito cin tuwo ba. Shekarunta goma sha uku, kuma cikin haihuwa biyar ita kaɗai Allah ya bar musu. Suka same ta zaune a tsakar ɗaki ta rungume hannuwanta kamar mai riƙe da jariri, tana jijjigawa a hankali. Uwar ta taɓa goshinta ta janye hannu.

“Malam, zo ka ji jikin yarinyar nan,” ta ce da mijinta.

Bai kai ga taɓa ta ba ya ji warin. Warin ƙonannen mai ne ke fita daga numfashinta, wanda ya fi kowa saninsa.

Kwana shida suka yi a wannan hali. An kai ta asibiti a Ikara, aka auna jini ba a ga komai ba, aka ƙara mata ruwa, zafin ya sauka da hantsi, rana na karkatawa ya dawo ya fi na jiya. Jifa kuwa kullum tsakanin magariba da lisha, kuma mota aka fi nufa. Rumaisa ta daina ci, leɓɓanta suka tsage, idanu suka faɗa. In Zailani ya tayar da inji sai ta kama ihu da wata murya ta babbar mace, tana cewa a kashe, a kashe, yana ƙona shi. Tsoro ya kama Zailani, irin wanda bai taɓa ji ba a duk daren da ya kwana a daji. Ya fara zargin ramin nan, amma kunya ta hana shi gaya wa matarsa.

Rana ta bakwai ya hau mashin ɗin aro ya ɗauko Malam Ubaidullahi daga Gazara. Dattijo ne ɗan siriri, ba shi da yawan magana. Bayan azahar ya zauna a bakin tabarmar yarinyar ya fara karatu, ba da ƙarfi ba. Ya daɗe yana yi kafin Rumaisa ta miƙe zaune, ita da ba ta iya ɗaga kai, ta kafe shi da ido.

“Wace ce ke?” in ji Malam.

“Mukarrama,” muryar ta amsa. “Ka sassauta karatun, ni ma musulma ce.”

“Musulma ta shiga jikin 'yar mutane tana dafa ta da rai?”

“Tambayi ubanta abin da ya zuba a ɗakina.”

Safiyatu ta juya ta dubi mijinta. Zailani ya sunkuyar da kai, ya faɗi komai, tun daga juye har kukan da ya ji.

“Ɗana ne ya yi kukan,” in ji muryar. “Na kwantar da shi na fita ɗibar ruwa. Da ya ce bisimilla da an janye shi. Da ruwan zafi ne ma da ya saluɓe ya warke. Wannan baƙin abin ya manne masa, ba ya wankuwa, ya shiga ƙirjinsa. Zan riƙe tasa har in ga yadda nawa zai ƙare. In ya tafi, ta tafi.”

Malam ya girgiza kai. “Bai gan ku ba. Ya yi sakaci, kuma zai ɗauki alhakinsa, amma yarinyar nan ba ta zuba komai ba. Kin san hukuncin wanda ya kama marar laifi. In kin ƙi fita zan ci gaba da karatu, kin kuma san abin da zai yi miki. Wa zai yi jinyar ɗanki?”

Can sai aka ji kuka, kukan uwa wadda ta gaji, yana fita daga bakin yarinya. Safiyatu ma ta fashe da nata.

“Ba zan iya zama a gidan nan ba, ƙasar duk ta ɓaci,” in ji Mukarrama. “Dangina suna wata tsamiya a bakin fadama wajen Dandamisa, akwai masu magani a can. Amma ba ya ɗaukuwa a iska, fatarsa ba ta jurewa. Sai dai a kai mu a hankali, ina jikin yarinyar, shi yana cinyarta. Hanyar kuwa ba abin da ke shigarta sai wannan motar.”

“In an kai ku za ki fita?”

“Zan fita, na yi alkawari da Allah. Amma kada ya ji zafi, kada ya shaƙi warin nan. In ƙarfen ya tafasa, abin da ya ji ita ma za ta ji. Kuma mu isa kafin rana ta faɗi.”

Zailani ya fita tsakar gida. Shi ya san motarsa, ya kuma san hanyar, yashi ne da taɓo da hawa. Ya kwance bonet ɗungurungum ya jingine a katanga don iska ta riƙa bugun inji. Ya cika lagireto, ya ɗaure bel ɗin fanka, ya wanke gwangwanin ya sa sabon soso, ya ƙara wa tiyon tsawo ya bi da shi ta ƙarƙashi har bayan mota. Ya loda jarkoki huɗu na ruwa da buhunan algarara. Aka shimfiɗa wa Rumaisa a kujerar baya, uwarta na tallafe da ita, Malam ya zauna gaba da carbinsa.

Tunda yake tuƙi bai taɓa tafiya irin ta ran nan ba. Mutumin da ake yi wa kirari da ba ya jiran kowa, yau ga shi masu keke suna wuce shi suna waige. Idonsa ɗaya na hanya, ɗaya na kan allura. Da ta ɗaga ta kusa tsakiya sai ya ji Rumaisa ta fara nishi, sai ya tsaya ya juya hancin motar wajen iska, ya bar injin yana sulo, don ya san in aka kashe shi da zafinsa zafin ƙaruwa yake yi. Ya jiƙa buhu ya shimfiɗa, ya yayyafa wa lagireto ruwa, kowane yayyafi da bisimillarsa. Sau biyu gwangwanin ya kusa cika, ya tsiyaye shi a kwalba ya toshe bakin da tsumma.

A rafi na ƙarshe ne ƙafafun baya suka nutse. Da jiya ne da ya taka totur har ƙasa ta fita ko ta mutu. Allura ta haura tsakiya, Rumaisa ta sandare, Safiyatu tana kiran sunanta. Zailani ya ɗaga ƙafa. Ya sauka cikin taɓo har gwiwa, ya yi ta tono da hannu, yana karyo rassa yana cusawa ƙarƙashin taya, ya tuɓe rigarsa ya jiƙa yana yi wa injin fifita kamar mai jinya. Rana tana ta sauka, bai ko dube ta ba. Sai da allura ta koma mazauninta sannan ya sa giya ta ɗaya, ya lallaɓa ta, ta fito. Tun daga nan bai ƙara jin nishi daga baya ba, ya ɗauka sauƙi ne.

Sun isa tsamiyar saura ƙiris rana ta ɓace. Aka sauko da Rumaisa aka zaunar da ita a gindin itacen, hannuwanta na rungume yadda suke tun ranar farko, sai dai ta daina jijjigawa.

“Ga shi an kawo ku,” in ji Malam. “Kira masu maganin.”

“Ba sauran magani,” muryar ta ce a hankali. “Ya cika tun a rafi, lokacin da mutumin nan yake fifita da rigarsa.”

Zailani ya dubi 'yarsa. Ya tuna abin da ta ce, in ya tafi ta tafi. Ya zube a gabanta, ya ɗaga hannu yana nuna ƙirjinsa, a ɗauke shi a bar yarinyar.

Idanun yarinyar suka daɗe a kansa.

“Na so in tafi da ita,” in ji Mukarrama. “Tun daga rafin nake so. Amma na yi alkawari, kuma na ga yadda ka yi. Ba zan sa wata ta ji abin da nake ji ba.”

Malam ya taɓa kafaɗarsa. “Yi mata gaisuwa, Zailani.”

Ya gyara durƙuso kamar yadda ake yi a zauren makoki. “Ya muka ji da haƙuri?” ya ce, hawaye na bin gemunsa. “Allah ya jiƙansa. Ki yafe mini.”

“Haƙuri sai godiya,” ta amsa. Ba ta ce ta yafe ba.

Rumaisa ta miƙa hannuwanta biyu wajen kogon tsamiyar kamar mai miƙa abu, ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Safiyatu ta ɗora tafi a goshinta, ta ji gumi mai sanyi yana tsattsafowa. Yarinyar ta buɗe ido ta nemi ruwa da muryarta ta kullum, ta shanye moɗa guda. Ta dubi itacen, ta dubi fadama, sannan ta ga ubanta durƙushe ba riga, taɓo har wuya.

“Baba, me ya sa kake kuka? Rasuwa aka yi?”

Zailani ya share fuska da bayan hannu.

“E, rasuwa aka yi,” ya ce. “Ɗan maƙwabtanmu ne. Ni na kashe shi.”