Jinin da Aka Ƙi Karɓa

Auta na tsugune tana wanke kwanukan da aka dawo da su daga asibiti, sai ga Goggo, ƙanwar Baba, ta faɗo gidan ko sallama babu.

"Ina uwar taki? Ta fito ta ji abin da kafintanki ya kwaso mana!"

Baba ne ke kwance za a yi masa aiki, likita ya ce a kawo jini. Ƙartin 'ya'yan Goggo uku, kowa ya ƙirƙiro uzuri. Kafinta, wanda saura wata biyu ya auri Auta, shi ya ajiye zarto ya je ya miƙa hannu. Aka gwada jininsa aka ce ba za a karɓa ba, ya nuna alamar ciwon hanta nau'in C. Sai wani maƙwabci ne ya bayar.

"Aure kam an fasa!" in ji Goggo. "Kofin da ya sha ruwa jiya ma a jefar."

Umma ta ce, "Haba Goggon yara, a dai sake gwadawa."

Goggo ta tasa Kafinta gaba da kanta, lab uku na gwajin jini cikin kwana biyu. Ta dawo tana kaɗa takardu kamar mai fifita wuta. "Sau uku! Ko injin ma ɗan'uwansa ne da zai rufa masa asiri?"

Auta ta sha kuka har idanunta suka kumbura. Da la'asar Kafinta ya zo, ya tsaya nesa da ƙofa, hannuwa a baya.

"Auta, ki bi maganar manya. Ba zan shafa miki cuta ba."

"To sannu, likita! Yaushe ka bar katako ka koma allura?" Ta share hanci. "Gobe ka zo, tare za mu."

Washegari suka baje takardun gaban wata dattijuwar ma'aikaciyar lab. Ta ɗaga tabarau ta dube su.

"Wa ya aike ku? Tambaya ɗaya kuka yi sau uku! Wannan gwajin sojojin jiki yake nema, waɗanda jini ke tanada idan cuta ta taɓa shiga. Sawun ɓarawo yake nunawa, ba ya faɗin ko ɓarawon na cikin ɗaki. Ko ka warke, haka zai riƙa fitowa."

Auta ta ce, "Anti, to rizal ɗin gaskiya fa?"

"Akwai gwaji na biyu mai neman ƙwayar cutar kanta. In tana nan, akwai magani, ana warkewa. Kuma ta jini take bi, ku bar kofi ya huta."

Aka ɗebi jinin Kafinta, sati biyu aka jira. Goggo kullum tana zuwa da zancen sabon manemi, ɗan wata ƙawarta mai mota, Auta ta gaishe ta, ta kawo mata ruwa.

Sakamako ya fito: babu ƙwayar. Jikinsa ya kore ta tun tuni.

Baba, da ya dawo gida yana dogara sanda, ya sa aka karanta masa takardar sau biyu. Goggo ta buɗe baki.

"Yaya, ni dai hankalina—"

"Ya isa. Ranar auren da aka sa tana nan. Ke kuma turo min 'ya'yanki a gwada su, tunda su babu wanda ya san abin da ke jikinsu."



An yi auren. Goggo ba ta nemi gafara ba har yau, amma ita ta fi kowa cin abinci a gidan.

Ku 'yan mata, ku riƙe wannan: mai ƙarfin murya a dangi ba shi ne mai sani ba. Ku girmama shi, ku yi haƙuri, amma takardar asibiti ku kai wa wanda ya iya karanta ta kafin ku yar da mutumin kirki.