Bugu na Goma Sha Bakwai

Da yamma liƙis Enoch Tidmarsh ya ciro mabuɗin hasumiyar coci daga jikin ƙusa. Shekara talatin shi ke buga ƙararrawar ƙauyen. In an yi rasuwa sai ya buga wa mamaci shekarunsa, bugu ɗaya shekara ɗaya, mutane su tsaya a ƙofar gida suna ƙirgawa. Yau ɗansa Wilfrid zai buga wa. Da safe takardar soja ta iso: harsashi ya same shi a ramin yaƙi a Faransa, yana da shekara goma sha tara.

Matarsa Hester tana tsaye gaban murhu, shayi ya huce a hannunta.

"Sha shida za ka buga," ta ce.

"Takardar Sarki ta ce sha tara."

"Sarkin ne ya yi naƙudarsa? Ni na haife shi, Enoch."

Enoch irin mutanen nan ne da gara a sare musu kai da su ce sun yi kuskure. Ya gaya wa Hester, ya gaya wa kowa, cewa yaron guduwa ya yi ya shiga soja. Ƙarya ce. Gorin da ake yi masa a mashaya ne ya ishe shi, wai gidan Tidmarsh babu namiji ko ɗaya cikin kaki. Ranar kasuwa ya tasa yaron gaba zuwa birni. Da sajan da ke ɗaukar sojoji ya tambayi shekaru, Wilfrid ya juya ya kalli ubansa, uban ya ce, "Sha tara."

To, in ya buga sha tara yau, namiji ne ya zaɓi hanyarsa. In ya buga sha shida, yaro ne, kuma wani ne ya kai shi.

Ya hau matakalar dutse, ya ajiye fitila. Ɗakin yana warin ƙura da kashin tantabaru kamar kullum. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama igiya.

Ɗaya. Biyu. Ƙarar tana fita ta bi gonaki, ta dawo.

A bugu na tara ya ji wani wari daban. Warin jiƙaƙƙiyar laka, da hayaƙin albarushi. Kwana goma rabon ƙauyen da ruwan sama.

Sha biyu. Takun takalmi a matakala, mai nauyi, ana jan ƙafa ɗaya.

"Wane ne?"

Sai ɗigar ruwa a kan katako, ɗis, ɗis.

Sha biyar. Harshen fitila ya kwanta, alhali babu iska.

Sha shida.

Ya ja na sha bakwai. Igiyar ta ƙi motsi.

Ya duba. Ƙasa da hannunsa akwai wasu hannuwa biyu, daidai inda ya koya wa yaron riƙewa. Sirara ne, caɓe-caɓe da laka, an ciccije faratan har tsoka.

"Baba."

Muryar ba ta ma gama fashewa ba.

"A can sun tambaye ni shekaruna. Na waiwaya, ban gan ka ba."

Sanyin hannuwan ya ratsa igiya ya shiga ƙashin Enoch.

"Nawa zan ce musu, Baba?"

Ko a nan ɗin ma hali bai bar shi ba.

"Sha... sha tara."

Igiyar ta nannaɗe masa wuyan hannu, ta fizge shi sama. Ƙafafunsa suka bar ƙasa. Fitila ta mutu. Kansa ya doshi katakon rufi, wani abu ya ce ƙas a hannunsa.

"Sha shida!" Ya kwarma ihu. "Sha shida ne! Yaro ne! Ni na kai shi!"

Igiyar ta sake shi.

Yana kwance a ƙasa ya ji takun yana sauka, a hankali, har ya ɓace.

Enoch bai ƙara buga ƙararrawa ba, don hannun bai sake iya riƙe ko cokali ba. Wanda ya gaje shi ya ce ya wanke igiyar nan har ya gaji, lakar ta ƙi fita.

Amma a daren da abin ya faru, da ya iso gida yana rungume da karyayyen hannu, Hester na bakin ƙofa.

"Sha shida na ƙirga," ta ce.

"Hester, ba guduwa ya yi ba. Ni na kai shi."

Ta zaro wata wasiƙa daga aljihu, wadda ninki ya cinye gefenta.

"Na sani tun bara. A wasiƙarsa ta farko ya gaya min. Ya ce don Allah kada in yi maka faɗa."