Mai Zama a Cikin Jira

Magaribar ranar ta shigo gidan kafinta kamar yadda ta saba, a hankali, da ƙamshin garin katako da ba ya barin tsakar gida komai shara. Baba ya rufe shagonsa da ke jikin gida, yana wanke hannu. Mama tana kwashe shanya. A ɗakin da suke kira ofis, wanda bai wuce tebur ɗaya da kujerun da masu saye suka ƙi ba, 'ya'yansa mata biyu na zaune gaban kwamfuta.

Babbar, wadda kowa ke ce wa Yaya, ta dawo gida ne da aiki ɗaya, wato ta rushe tsohon shafin intanet na shagon ta gina sabo. Wani kawunsu ne ya haɗa tsohon kafin ya yi ƙaura, kuma tun daga nan faci ake yi masa a kan faci. Duk kujerar da Baba ya taɓa ƙerawa tana ciki da hotonta, har waɗanda gara ta cinye tuntuni. Mai saye zai buɗe a wayarsa, wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa, har ya gaji ya tafi wurin wani kafintan.

Gyaran shafin kuwa mutum ɗaya ce a duniya ta iya, ita ce ƙaramar, Auta. Sauya farashin gado ɗaya kan cinye mata daga la'asar har duhu. Sau biyu ana ba ta gurbi a makarantar koyon jinya a wani gari, sau biyu Baba na cewa, "In kin tafi wa zai riƙe mana shafin?" Yanzu gurbi na uku ya zo, kuma Yaya ta rantse wannan ba zai wuce ƙanwarta ba.

A magaribar nan ne Yaya ta fara share tsofaffin hotuna. Ta share hoton wani kabad da ba a ƙera irinsa ba tun tana firamare. Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro, ya sauka a tsakar gida. Mama ta ɗauka ta duba, tsohuwar ƙusa ce mai tsatsa. Kafin ta buɗe baki wata ta faɗo, wata ta biyo, har rufin ya ɗauki ƙara kamar farkon ruwa. Baba ya zagaya bayan gida da sanda, bai ga ko kyanwa ba.

Da ƙusoshin suka tsaya, shirun da ya biyo baya ya fi su nauyi. A cikinsa ne suka ji tsaki daga saman silin, dogo, na mutumin da ya gaji da jira. Wani ya amsa daga bayan ƙofa, wani daga ƙarƙashin tebur. Yaya ta ji tsoro, amma ita irin mutanen nan ce da tsoro ke zame musu haushi. Ta ƙara share hoto ɗaya kafin ta tashi.

Daga ranar, kullum rana ta faɗi sai ƙusoshi sun sauka. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne Auta. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa ta yi nauyi. A kira ta, sai an manta an kira sannan ta ce na'am. Mama ta aike ta ta ɗebo ruwa, ta tsaya a bakin famfo da kofi a hannu, ɗan yatsanta na zana da'ira a iska, idonta na bin yatsan. Haka za ta tsaya har a je a janyo ta.

"Injiniya," in ji Baba, da sunan da yake tsokanar Yaya da shi, sai dai yau babu wasa a muryarsa, "ki bar aikin nan. Da can lafiya muke zaune."

"Baba, wace lafiya? Yarinya ta tsufa a gaban da'ira? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba."

"Ke dai da bakinki."

"A wurinka na gada."

Ba ta bari ba. Da rana, lokacin da gidan ke nasu, ta yi ta gini. Ta ɗauki hoton kayan da Baba ke ƙerawa yanzu kaɗai, ta rage musu nauyi yadda ko wayar da ta sha jiki za ta buɗe su nan take. Ta yi wuri ɗaya inda mutum zai rubuta farashi ya danna sau ɗaya, shi ke nan, ba sai ya san komai ba. Da ta gama, abu ɗaya ya rage, maɓallin da zai rufe tsohon shafin ya tura kowa zuwa sabon.

Ta miƙa hannu za ta danna, ana gab da magariba. Auta, wadda ke zaune a lungu tun azahar, ta ɗago kai ta yi magana da muryar da ba tata ba, muryar namiji, mai kauri, mai jan kalma kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Ɗauke hannunki."

Kwanon da ke hannun Mama ya faɗi. Yaya ta ɗauke hannun. Ba umarnin ta bi ba, ta ga yadda wuyan ƙanwarta ya sandare ne.

Malamin da Baba ya ɗauko washegari tsohon mai saye ne a shagon, Baba ne ya ƙera masa katakon jera littattafai. Siriri ne, ba ya gaggawa, kuma ya san aljanu kamar yadda Baba ya san katako. Ya sa aka zaunar da Auta a tabarma cikin ofis, Mama ta riƙe ta ta baya. Ya yi ta karatu a hankali, hasken taga na raguwa, har fuskar kwamfutar ce kaɗai ke haska ɗakin. Can yatsan Auta ya tsaya cak a iska.

"Kai bawan Allah, wane ne kai?" in ji Malam.

Amsar ta daɗe kafin ta zo. Malam ya jira, bai yi tsaki ba.

"Mai gidan da ake rushewa."

"Ina gidan?"

"Wasunmu na kango, wasunmu na juji. Ni a cikin jira nake zaune. Na sami wuri a tsohon shafin nan, ɗakuna barkatai, babu mai shiga. Mutane su tsaya a ƙofa su yi tsaki, babu mai ambaton Allah. Da tsakin nan nake ƙoshi."

"To yarinyar fa, me ta yi maka?"

"Ita ce ke zama da ni. Kowa na tafiya, ita tana zama, kowace magariba. Na saba da ita."

"Sabo turken wawa," in ji Malam. "Fita za ka yi."

"A mayar da gidana yadda yake, in sake ta."

Malam ya dubi Yaya. Ta ce, "Allah gafarta Malam, ba za a mayar ba."

"To a bar min ɗaki ɗaya," in ji muryar. "Tsofaffin hotuna, a can ƙarshe, babu mai gani. Ita ta riƙa zuwa tana dubawa."

Yaya ta gane ɗakin da ake nufi. Ɗaki ɗaya da Auta kaɗai ta iya buɗewa ya isa ya cinye gurbi na uku da na huɗu. Ta matso har gwiwarta na taɓa tabarmar, ta dubi idon ƙanwarta, wanda wani ke leƙowa ta cikinsa.

"Ko ƙusa ɗaya ba zan bar maka ba. Ba ka gina ba, ba ka share ba, ka sami banza ka miƙe ƙafa. Ka ci shekarunta, ya isa."

Ƙusoshi suka zubo a rufi gaba ɗaya, har kunne ya toshe. Da suka lafa, bakin Auta ya yi murmushin da bai yi mata kyau ba.

"Ni kaɗai kike yi wa faɗa? Ba ni kaɗai ke son ta zauna ba a ɗakin nan."

Babu wanda ya dubi Baba, kuma rashin dubawar ya fi dubawa ciwo. Yana tsaye a bakin ƙofa, manyan hannayensa a saɓule. Yaya ta ji tausayinsa da haushinsa a lokaci guda. Ta san yana son Auta, ta kuma san shafin ya daɗe yana yi masa aikin igiya.

Baba ya share fuska da tafin hannu. Ya tako a hankali, ya tsallake tabarmar, ya tsaya gaban tebur.

"Ni da aljani ba ma haɗa so ɗaya a kan 'yata," in ji shi. "Injiniya, wanne ake dannawa?"

Ta nuna masa. Ya yi bisimilla da ƙarfi, ya sauke yatsan da guduma ta daɗe da lanƙwasawa. Sabon shafin ya buɗe kafin ya ɗago hannun, fes, ga gadon da ya gama jiya.

Auta ta yi wani dogon nishi, jikinta ya saki. Muryar ta dawo siririya, kamar daga ƙasan rijiya.

"To ina zan je?"

"Jira bai ƙare a duniya ba," in ji Malam. "Je ka nemi layin da ba ya motsi, ba za ka kwana da yunwa ba. Amma ka yi alkawari, ba ka sake shiga jikin ɗan Adam."

"Na yi."

"Bi ta inda ka shigo."

Ɗan yatsan Auta ya yi rawa, ya miƙe, ya kwanta. Ta yi atishawa. Mama ta kira ta a hankali, cikin tsoro, kafin ma ta rufe baki Auta ta ce, "Na'am, Mama. Me ya sa kowa ke kallona? Kuma wa ya bar Baba ya taɓa kwamfuta?" Mama ta rungume ta tana kuka tana dariya.

Da safe Yaya ta share ƙusoshin tsakar gida ta cika gwangwani. Baba ya duba ya ce babu mai amfani a ciki, aka zubar.

Ranar da Auta ta tafi makaranta, Baba da kansa ya ɗauki akwatinta, wanda da kansa ya ƙera. Da magariba Yaya ta ji shi ya leƙa ofis ya ce, "Auta, katako ya tashi, a gyara farashin gadon nan." Shiru ya amsa masa, shiru irin na ɗakin da ba kowa. Yaya, wadda ke zaune a bakin ƙofa, ta yunƙura za ta taimaka, ya ɗaga mata hannu.

"Zauna, na iya."

Ya rubuta da yatsa ɗaya, ya danna, ya shiga. Ya ɗan tsaya yana kallon fuskar kwamfutar kamar mai jiran wani abu ya juya, babu abin da ya juya. Sai ya tura kujerar Auta ƙarƙashin tebur, ya fita yin alwala, Yaya ta ga yana wanke fuska fiye da yadda alwala ke bukata.