Bututun Da Ba Shi Da Tambari

Da hantsi aka kawo rahoto caji ofis: bindigar albarushi ta fashe a hannun wani mafarauci, ya mutu nan take.

Sufeto ya juya bututun bindigar a tafin hannunsa. Daidai wurin da maƙeri ke buga tambarinsa an gurje ƙarfen, an shafe da baƙin mai. Daga nan tsagar ta tashi.

Matar mamacin ta ce ba ta san inda ya saya ba, amma kowa ya san maƙerin bindiga ɗaya ne a unguwar, tsohon da ake ce wa Baban Maƙera.

Da Sufeto da Saje suka je maƙera, tsohon ya kalli bututun, ya kau da kai, ya ce ba aikinsa ba ne. Shi kowane bututu sai ya buga masa tambari, sannan ya gwada shi da albarushi. Wanda ya nuna tsaga, bayan rumfa yake jefa shi.

Sufeto ya zagaya bayan rumfar. Babu ko ɗaya, sai shatin tsatsa a ƙasa.

"Ina suke, Baba?"

Tsohon ya ce shi ya goge tambarin, shi ya sayar, a tafi da shi.

Ran Sufeto ya ɓaci. Gurzar da ke jikin bututun ta inji ce, maƙerar kuwa ko wayar lantarki babu. Ya tasa tsohon gaba zuwa shagon walda da ke tsallaken titi, na ɗansa Dogo. Ya ɗauki injin gurza ƙarfe ya danƙa wa tsohon.

"Kunna, ka nuna min yadda ka yi."

Tsohon ya juya injin sama da ƙasa yana laluben makunni.

"Saje, sa masa ankwa," in ji Sufeto, idonsa a kan Dogo. "Tunda ya ce shi ne, ya ƙarasa tsufansa a gidan yari."

Ankwa na taɓa hannun tsohon, Dogo ya yar da tabarau ɗin waldarsa. Ya ce shi ya kwashe bututan, ya liƙe tsagar da walda, ya sa musu ƙota ya sayar.

"Tambarin fa?"

"Yallaɓai, don kar sunan Baba ya ɓaci in wani abu ya faru."

"Ashe ka san zai faru." Sufeto ya cusa masa fasasshen ƙarfen a ƙirji. "Bututun da ma mai tsaga ne, ka zo ka ƙara cinye masa kauri a inda wuta ta fi ƙarfi. Ka tausaya wa suna, ran mutum kuwa ko oho. Sauran suna hannun wa?"

Dogo ya shiga lissafo mutane, Saje ya aika a karɓo bindigogin kafin wani ya ɗura albarushi.

Da za a sa Dogo a mota ya waiwayo ya ce, "Baba."

Tsohon bai ɗago ba. Ya tsallaka titi, ya ɗauko ƙarfen tambarinsa, ya cusa shi cikin garwashi don ya narke.