Mazarin Birnin Tandawa

"Tono! Tono a gaban idonta!"

Baba ne ke faɗa a garkarmu ta bayan gida a Unguwar Dosa. Balarabe ɗan goggona, wanda na ƙi aura, shi ke riƙe da fartanya yana washe baki.

"Kawu, da idona na ga Asabe tana binnewa. Asiri ne mai gumakan nan ya ba ta!"

Wai mai gumaka! Shu'aibuna fa ke nan. Tun da ya gama karatun zane a Zariya yake ƙera kayan wani tsohon birni da ya ƙago da kansa, wai Birnin Tandawa. Yakan gasa yumɓu, ya binne shi ya sha damina, ya fito kamar na zamanin kaka da kakanni. Gidan hayarsa a Hayin Banki duk siminti ne, ni sarkin rawar kai na ce ya kawo in binne masa.

"In na ga mutum-mutumi, maganar aure ta mutu!" in ji Baba.

Shu'aibu da aka kirawo ya durƙusa.

"Baba, ban taɓa ƙera mai rai ba. Kayan aikin mutanen kawai nake yi..."

"Rufe min baki!"

Fartanya ta tono fitila, ta tono tulu mai baki biyu, sannan wani ɗan dunƙule mai huda da zane-zane.

"Ga shi! Ga asirin!" Balarabe ya daka tsalle.

Na fashe da kuka.

Sai ga Iya Hansai, kakata, ta dogaro sanda.

"Miƙo nan, ja'iri."

Ta goge ƙasar da bakin zane, ta zura tsinke, ta murza a cinya. Abin ya yi ta juyawa, ko karkata babu. Ta dubi Baba.

"Inuwa, da mazari na ciyar da kai a Katsina, yau shi ne ba ka gane ba? Rabona da mai daidaito haka tun ina amarya. Yaro, wa ya koya maka?"

"Hannun mahaifiyata na tuna, Iya. Ta rasu."

Baba ya sunkuyar da kai.

"Tashi, Shu'aibu. Ka turo manyanka."

Balarabe ko fartanyar bai tsaya ɗauka ba!

Wayyo Iya, Allah ya saka miki da Aljanna! Da zaren da ta kaɗa da mazarin nan aka saƙa zanen aurena.

Ranar da za a baje kolin kayan Tandawa, angona ya je ya durƙusa mata.

"Iya, aron mazarin nan na kwana uku..."

Ko ɗagowa ba ta yi daga kaɗinta ba.

"Na ba ka jikata, mazarin ma sai ka karɓe? Mutanen birnin naka su jira in mutu."